Yadda Za Ka Yi Idan Adireshin Imel Ɗinka Ya Fita a Kutsen Wani Kamfani

Wasiƙar kusan iri ɗaya ce ko daga wane kamfani ta fito. Za su fara da cewa tsaron bayananka na gaban komai a wurinsu, su sanar da kai cewa wasu sun kutsa cikin rumbunsu, sannan su kwantar maka da hankali: ba a taɓa kalmar sirri ba, ba a ɗauki lambar katin banki ba, suna da adireshin imel kawai aka kwasa. Yawancinmu da mun kai kan kalmar "kawai" sai mu sauke ajiyar zuciya mu rufe saƙon.

A wurin ɗan damfara kuwa, wannan "kawai" ɗin ita ce jarinsa. Adireshinka shi kaɗai ba wani abin a zo a gani ba ne, tun da ka riga ka raba shi ga mutane da dama. Sabon abin da ya shiga hannunsa shi ne sanin da wa kake hulɗa. Jiya in zai turo maka saƙo sai dai ya yi ta canke. Yau ya san kantin da kake sayayya da kamfanin da ke riƙe da ajiyarka, don haka zai zo maka da sunansu da tambarinsu da irin maganarsu.

Abin da ya samu abokan cinikin Ledger ya isa misali. Kamfani ne na Faransa da ke ƙera 'yar na'urar ajiyar kuɗin kirifto. A shekarar 2020 aka shiga rumbun sashen tallansa aka kwashe adireshin imel kusan miliyan 1, a watan Disamba na shekarar kuma aka baza su a intanet, haɗe da cikakken suna da adireshin gida da lambar waya na mutum kimanin 272,000. Ba a fasa na'urorin ba. Amma duniya ta san su wane ne ke da kirifto, sai saƙonnin ƙarya suka yi ta zuba a kansu, ana neman su rubuta kalmomi 24 da ke buɗe ajiyarsu. A 2021 har na'urar jabu aka aika wa wasunsu ta gidan waya, cikin kwali mai kama da na gaskiya.

Irin wannan damfara ita ake kira fishin, wato kamun kifi: a sa abinci a ƙugiya a jira mai haɗiya. A nan zan riƙa ce mata saƙon tarko. Adireshin da ya fita kuwa zarar bunu ne, ba ya komawa. Abin da ya rage a hannunka shi ne ka sa ya zama bai amfani wanda ya ɗauka ba.

Mataki na 1: Tabbatar da sanarwar, amma ba ta cikin saƙon ba

Kada ka taɓa komai a cikin wasiƙar da ta kawo maka labarin kutsen. Sanarwar kutse ita kanta tana cikin tarkunan da suka fi kama mutane, domin tana zuwa da tsoro, mai tsoro kuma ba ya tsayawa karatu.

A watan Afrilun 2022 masu amfani da Trezor, wata na'urar ajiyar kirifto, sun sami imel da ke cewa an yi wa kamfanin kutse, su hanzarta sauke sabuwar manhaja don tsare dukiyarsu. Manhajar ce ɓarauniyar. An samo jerin adireshinsu ne daga Mailchimp, kamfanin da ke aika wasiƙun labarai a madadin Trezor, bayan an yaudari ma'aikatansa.

Saboda haka ka rufe saƙon. Buɗe burauza ka rubuta adireshin shafin kamfanin da hannunka, ko ka shiga manhajarsu da ke wayarka tun da can. In da gaske an yi kutse za ka ga bayani a shafinsu ko a kafofin labarai. Idan ka samu, nemi amsar abu uku: yaushe aka yi, me da me aka ɗauka, kuma akwai kalmar sirri a ciki ko babu.

Mataki na 2: Duba inda adireshinka ya riga ya fita

Akwai shafin da ake kira Have I Been Pwned, wanda wani masanin tsaron intanet ɗan Ostareliya, Troy Hunt, ya buɗe a watan Disamba 2013, jim kaɗan bayan kutsen Adobe da ya shafi asusu kusan miliyan 153. Kyauta ne. Rubuta haveibeenpwned.com a burauza, sa adireshinka a akwatin bincike, danna. Zai jero maka kutsen da aka ga adireshin a ciki, da shekara, da nau'in bayanan da suka fita a kowanne.

Kada yawan jerin ya tayar maka da hankali. Duk wanda ya shekara goma da adireshi ɗaya da wuya a ce bai fito ko sau ɗaya ba. Layin ƙarshe na kowane bayani shi za ka karanta da kyau. In imel da suna ne kawai, abin da za ka sa ran gani saƙon tarko ne. In da kalmar sirri, aikin mataki na 4 ya zama na yau, ba na gobe ba. In da lambar waya, tarkon zai iya zuwa ta kira ko ta gajeren saƙo. In da ranar haihuwa da adireshin gida, mai kiranka zai iya karanto maka su don ka yarda daga banki yake.

A shafin akwai wurin rajista domin a sanar da kai duk ranar da adireshinka ya sake fitowa. Yi rajistar, kuma ka bincika tsofaffin adireshinka da ka daina amfani da su.

Idan shafin ya ce bai ga komai ba, ba shaidar tsira ba ce. Abin da ya zo hannunsu kaɗai suka sani, kuma kutse yakan daɗe a ɓoye. An shiga Yahoo a 2013, ba a sanar ba sai 2016, sai a 2017 kamfanin ya amsa cewa dukan asusu biliyan 3 abin ya shafa. LinkedIn ma a 2012 an ɗauka kalmomin sirri miliyan 6.5 ne suka fita, sai ga shi a 2016 an fito da bayanan mutum miliyan 117 ana sayarwa.

Mataki na 3: Fara da akwatin imel ɗin kansa

Mutane kan ruga su canja kalmar sirrin kamfanin da aka yi wa kutse su bar imel ɗinsu yadda yake. An fara ta baya. Kowane shafi da ka manta kalmar sirrinsa, imel ɗinka yake aiko wa hanyar sake wata. Wanda ya mallaki akwatinka ba ya buƙatar sanin sauran kalmominka, zai sake su ɗaya bayan ɗaya kana barci.

Sa wa akwatin kalmar sirri da ba ka taɓa amfani da ita a ko'ina ba. Tsawo ya fi tarkacen alamomi amfani: kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna sun fi gajeriyar kalma mai ɗauke da alamar tambaya da lamba ɗaya a ƙarshe wuyar fasawa, sun kuma fi sauƙin tunawa. Kada sunan ɗanka ko shekarar haihuwarka ta shiga ciki.

Daga nan shiga saitunan tsaro ka bi waɗannan a hankali. Lambar waya da adireshin da aka ajiye don dawo da asusu, naka ne, kuma har yanzu suna hannunka? Jerin na'urorin da ke shiga asusun, akwai baƙuwa? Fitar da ita. Manhajojin da ka taɓa ba izinin karanta saƙonninka, cire duk wadda ba ka tuna ta ba.

Wurin da kusan kowa ke tsallakewa shi ne saitin tura saƙo da na tace saƙo. Ɓarawon da ya taɓa shiga akwati yakan bar doka a ɓoye: duk saƙon da ya shigo a tura masa kwafi, ko duk saƙon da ya ambaci banki a kai shi kwandon shara kafin mai akwatin ya gani. Canja kalmar sirri ba ya goge irin wannan doka. A Gmail da Outlook duka ana ganinsu a cikin saituna, kuma ya fi sauƙi ka duba ta kwamfuta. In ka ga dokar da ba kai ka kafa ba, share ta, ka kuma sani cewa an riga an shiga.

Mataki na 4: Raba kalmomin sirrinka

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar da ta fi yawa kuwa ita ce kalmar sirri ɗaya a shafuka goma. Masu kutse suna da manhajar da ke ɗaukar adireshi da kalmar sirrin da aka sato daga wani ƙaramin shafi ta riƙa gwada su a manyan shafuka, dubbai a lokaci guda. Ba wanda ya zauna yana nemanka kai musamman, inji ne ke bin jeri. A watan Janairun 2019 an gano wani tari da aka sa wa suna Collection #1, mai ɗauke da adireshin imel miliyan 773 da aka tattaro daga kutse daban-daban, an shirya shi don irin wannan aiki.

Fara da inda asara za ta fi zafi: banki da duk wurin da kuɗi ke ciki, kantunan da ka ajiye katinka, shafukan sada zumunta, sai wurin ajiyar hotuna da takardu. Kowanne da tasa kalmar.

Ba mai iya haddace kalmomi hamsin, kuma ba a nemi ka yi ba. Manhajar ajiyar kalmomin sirri ita ke wannan aiki, irin su Bitwarden da 1Password da KeePass, ko wadda ke cikin wayarka da burauzarka daga Google ko Apple. Na san abin da za a ce: in ita ma aka yi mata kutse fa? Ya taɓa faruwa, an kwashe rumbunan masu amfani da LastPass, wata irin wannan manhaja, a 2022, kuma waɗanda babbar kalmarsu, wato wadda ke buɗe manhajar kanta, ke da rauni su ne suka fi shiga haɗari. Duk da haka ina ganin manhajar ta fi maimaita kalma ɗaya nesa ba kusa ba, muddin babbar kalmar doguwa ce. Wanda bai yarda da manhaja ba, littafi a cikin aljihun tebur mai makulli ma ya fi maimaitawa.

Akwai wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Manhajar tana haɗa kowace kalma da adireshin shafinta na ainihi. Ranar da ka buɗe shafin da ya yi kama da na bankinka amma ta ƙi cike maka kalmar, kada ka ce ta lalace ka kwafa da hannu. Ta ga abin da idonka bai gani ba.

Mataki na 5: Ƙara makulli na biyu, ka kuma san iyakarsa

Kunna tabbatarwa mai hawa biyu, wato neman wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri, a imel da banki da shafukan zumunta. Iri-iri ce, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Lambar da ake turowa ta gajeren saƙo ita ce mafi rauni, domin ana iya yaudarar kamfanin waya a mayar da layinka kan wani sim, amma ta fi babu. Sama da ita akwai manhajar da ke fitar da lamba shida da ke canjawa duk daƙiƙa 30, kamar Google Authenticator ko Microsoft Authenticator. Lokacin kunnawa za a ba ka lambobin ko-ta-kwana, rubuta su a takarda ka adana, ranar da waya ta ɓata su za su cece ka.

Sai dai duk lambar da za ka iya rubutawa a shafin gaskiya za ka iya rubuta ta a na ƙarya. Ruwa kan ci gwani: a watan Maris 2025 Troy Hunt ɗin nan, mai shafin da muka ambata, ya faɗa tarko. Yana Landan, gajiyar doguwar tafiya a jikinsa, sai ga imel da sunan Mailchimp cewa an taƙaita masa aika saƙo saboda ƙorafi. Ya danna, manhajar ajiyarsa ta ƙi cike kalmar, ya sa da kansa, ya ƙara da lambar tabbatarwa. Shafin ƙaryar ya miƙa su ga na gaskiya nan take, kafin ya farga an sauke jerin masu karɓar wasiƙarsa, adireshi kimanin 16,000. Ya fito ya bayyana abin da ya faru, ya kuma sa nasa kutsen a nasa shafin. Duk mai jin cewa wawaye kaɗai ake kamawa ya tuna da wannan.

Abin da ke toshe wannan ƙofa shi ne makullin da ba a rubutawa: faski (passkey), wanda wayarka ke buɗewa da yatsa ko fuska, ko ɗan makullin ƙarfe da ake sokawa a kwamfuta, irin YubiKey. Su an ɗaure su da adireshin shafin ainihi, shafin jabu ko ya roƙa ba abin da za su ba shi. Google ya bayyana a 2018 cewa tun da ya wajabta wa ma'aikatansa sama da 85,000 irin wannan makulli a farkon 2017, ba a tabbatar da ƙwace asusun aikin ko ɗaya daga cikinsu ba. Duk shafin da ya ba ka zaɓin faski, karɓa.

Mataki na 6: Koyi karanta saƙo kamar mai tuhuma

Nan ne aikin yake, domin sauran matakan na yini ɗaya ne, wannan kuwa na kullum ne. Tarkon ba lallai ya zo a makon kutsen ba. Jerin adireshi yakan yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har shekaru.

Tsohuwar shawarar nan ta cewa za ka gane saƙon ƙarya da kurakuran rubutu ta tsufa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna rubuta wa ɗan damfara wasiƙa mai tsabta a harshen da ya ga dama. Tambari ma kwafarsa ake yi. Ambaton sunanka ko abin da ka saya ba hujja ba ne, ai su ne aka sata.

Fara da mai aikowa. Sunan da ke fitowa a sama kowa na iya rubuta wanda ya so. Taɓa sunan domin cikakken adireshin ya bayyana, ka dubi abin da ke bayan alamar @. Kamfanin da ke da shafinsa ba zai rubuto maka daga adireshin Gmail na kyauta ba. Duba kuma inda amsa za ta tafi in ka danna maɓallin amsawa, wani lokaci ya sha bamban da inda saƙon ya ce ya fito.

Sai mahaɗin da ake so ka danna. A kwamfuta ɗora linzami a kansa ba tare da dannawa ba, adireshin zai fito a ƙasan allo. A waya danne shi ka riƙe har ya nuna. Ga yadda ake karantawa, kuma in ka riƙe wannan kaɗai ka ci riba: tsallake https:// ɗin farko, nemi karan tsaye na farko mai jirge, wato /, sannan ka karanta daga nan zuwa baya. Gaɓoɓi biyu na ƙarshe kafin karan, ko uku a adireshin da ke ƙarewa da alamar ƙasa irin co.uk, su ne mai gidan. A ce bankinka yana bankinka.com. To bankinka.com/shiga nasa ne. Amma bankinka.com.tabbatar-asusu.net/shiga na mai tabbatar-asusu.net ne, an manna sunan bankin a gaba ne don ido ya tsaya a nan. Haka bankinka-tsaro.com, shi ma gidan wani ne daban.

Akwai masu wasa da haruffa: r da n a jere su yi kama da m, lamba 1 ta tsaya a gurbin l, ko a ɗauko harafin a na rubutun Rasha wanda ido ba ya bambanta shi da namu. Angulu da kan zabo ke nan. Ɗan kwadon da wasu burauzoji ke nunawa a gefen adireshi kuma ba ya nufin shafin na gaskiya ne. Abin da yake nufi kawai shi ne ba mai leƙa abin da ke tsakaninka da shafin, ko da shafin na ɓarawo ne.

Saurari kuma muryar saƙon. Kusan kullum akwai agogo a ciki: za a rufe asusunka cikin awa 24, an cire maka kuɗi ka soke yanzu, kayanka na tsare sai ka biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Gaggawa aikin shaiɗan ce, kuma su sun san haka, shi ya sa suke ƙirƙiro ta. Da ka ji zuciyarka ta buga, ajiye wayar minti biyar.

Wasu saƙonnin ba mahaɗi a cikinsu sam. Rasit ne na wani abu mai tsada da ba ka saya ba, da lambar waya a ƙasa "don ƙorafi". In ka kira, mai ɗauka zai lallaɓa ka ka sauke manhajar da za ta ba shi ikon sarrafa na'urarka. Wasu kuma hoton murabba'in nan ne na QR, don su fitar da kai daga kwamfuta mai kariya zuwa waya inda adireshi ba ya fitowa duka. Takardar da aka maƙala, in ba ka sa ran ta ba, kada ka buɗe, balle wadda ta ce sai ka kunna wani abu kafin ta nuna rubutu.

Akwai wani iri mai firgitarwa da ya yaɗu tun 2018. Saƙo zai zo da tsohuwar kalmar sirrinka a kan gaba, ya ce an ɗauke ka bidiyo ta kyamarar na'urarka kana kallon abin kunya, ka biya da Bitcoin ko a tura wa danginka. Daga tsohon kutse aka tsinto kalmar, wasiƙar kuma ita ce aka aika wa dubban mutane. Kada ka amsa, kada ka biya. In har kana amfani da kalmar a wani wuri, canja ta.

Na jero duk waɗannan alamomi, amma gaskiya ranar da kake gajiye ba za ka tuna rabinsu ba. Don haka ga dokar da ba ta buƙatar ƙwarewa: kada ka shiga asusu ta ƙofar da saƙo ya buɗe maka. Saƙo ya ce akwai matsala a banki? Madalla, rufe shi, shiga manhajar bankin da kanka, ko ka kira lambar da ke bayan katinka. In matsalar gaskiya ce tana can tana jiranka. Lambar tabbatarwa kuwa ba a karanta wa kowa ita a waya, ko da ya ce daga kamfanin da ya turo ta yake.

Saƙon da ka gane tarko ne, kada ka danna wurin "cire ni daga jeri" da ke ƙasansa, hakan na shaida musu adireshin na da rai. Yi amfani da maɓallin kai rahoton saƙon tarko da ke cikin manhajar imel ɗinka, sannan ka share.

Mataki na 7: Idan ka riga ka danna

Kunya ita ke ba ɓarawo lokaci, don haka ajiye ta. In buɗe shafin kawai ka yi ba ka rubuta komai ba, galibi ba abin da ya faru. Rufe shi, ka sabunta burauza da manhajar na'urarka.

In ka rubuta kalmar sirri, shiga shafin gaskiya yanzu ka canja ta, ka zaɓi fitar da dukan na'urori daga asusun, domin wani lokaci abin da suka sata shaidar shigarka ce, wadda ke iya ci gaba da aiki bayan canjin. Canja ta a duk inda ka maimaita ta, ka sake bin mataki na 3.

In lambar kati ko bayanan banki ka bayar, kira bankin kafin komai a toshe katin. Minti na da daraja a nan. In manhaja ka sauke ko ka ba wani ikon shiga na'urarka, katse intanet ɗinta, ka canja kalmominka daga wata na'ura daban, wannan kuma a goge ta a sake ɗora mata komai. In asusun wurin aiki ne, gaya wa masu kula da kwamfutoci nan take. Ɗauki hoton saƙon ka adana don kai ƙara ga hukumar da ke kula da laifukan intanet a ƙasarka.

Sa ran zagaye na biyu: wanda zai tuntuɓe ka ya ce zai dawo maka da kuɗin da aka sace in ka biya ladan aiki. Sau da yawa su ɗin ne dai suka sake riga.

Mataki na 8: Daina ba kowa adireshi ɗaya

Ware adireshi ɗaya na banki da muhimman abubuwa wanda ba ka rubuta shi a ko'ina, wani kuma na sayayya da rajistar shafuka. Da haka, duk saƙon "banki" da ya faɗo a adireshin sayayya ya tona kansa.

A Gmail kana iya ƙara alamar + da wata kalma bayan sunanka, kamar sunanka+kanti, saƙon zai iso akwatinka, in ya fita kuma ka san ta inda ya fita. Dabarar ba ta ɓoye ainihin adireshin, cire abin da ke bayan alamar ba wuya. Waɗanda suka fi su ne masu ƙirƙira maka adireshin rufe fuska ga kowane shafi: Hide My Email na Apple, Firefox Relay, SimpleLogin, da na DuckDuckGo. Wanda ya fita sai ka kashe shi kaɗai. Tsofaffin asusun da ka daina amfani da su kuma ka nemi a share su gaba ɗaya. Cire kanka daga jerin wasiƙa bai isa ba, a cikin adireshin da aka sace wa Troy Hunt har da na waɗanda suka riga suka fita daga jerin, domin Mailchimp na ajiye su.

In kai ne ke riƙe da adireshin mutane

Mai kanti a intanet, shugaban ƙungiya, sakataren makaranta, duk wanda ke da jerin adireshi amana ce a hannunsa, kuma ba sai da ɗan kutse take zubewa ba. A 2015 wani asibiti a Landan ya aika wasiƙar labarai ga kusan mutum 800 masu hulɗa da sashensa na cutar ƙanjamau, aka sa adireshinsu a gurbin da kowa ke ganin na kowa maimakon gurbin Bcc mai ɓoyewa. An ci tarar hukumar asibitin fam 180,000. A 2022 kuma adireshin masu amfani da OpenSea, wata kasuwar kayan kirifto a intanet, sun fita ta hannun wani ma'aikacin Customer.io, kamfanin da ke aika musu imel. Da ɗan gari akan ci gari.

Rage yawan masu ikon sauke jerin, wajabta musu makulli na biyu, share adireshin da ba ka buƙata. Sa mai kula da shafinka ya kafa SPF da DKIM da DMARC, saituna uku da ke hana wani aika saƙo da ainihin sunan shafinka. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka wajabta su ga masu aika saƙo da yawa.

In abin ya faru, duba dokar ƙasarka. A Tarayyar Turai dokar GDPR ta ba da awa 72 a sanar da hukuma daga lokacin da aka gano. Sanar da mutanenka da wuri, ka faɗi abin da ya fita dalla-dalla, ka gaya musu abin da ba za ka taɓa tambayarsu ta imel ko waya ba. Wasiƙar kuma kada ka sa mata mahaɗin shiga asusu ko ɗaya. Ce musu su rubuta adireshin shafinka da hannunsu.